Ƙafar Zalɓe da Azarar Inna

Duk wanda ya zo Sabuwar Marke ya tambayi gidan Garzali, sai a tsaya ana kallon-kallo. Amma in ya ce gidan Zalɓe, ko akuya ya tambaya za ta nuna masa. Ni ne Zalɓen, kuma ba kyauta aka ba ni sunan ba, da gumina na samo shi.

Lokacin da ruwan madatsar Tiga ya taso aka ce mu tashi daga tsohon garinmu, kowa ya kwance rufin ɗakinsa ya ɗora azara a jaki. Ni kaɗai na ce ba za a wulaƙanta azarar mahaifina a bayan jaki ba. Na yi karen mota a hanyar Kano zuwa Jos, na san direbobi, zan kawo babbar mota ta kwashe komai a sawu guda. Motar tana nan tafe har yau. Ruwa ya riga ta isowa, ya shanye soron da marigayi Baba ya gina da hannunsa, mu kuma muka tare a ɗakin kwano.

Inna Kulsumu, mahaifiyata, ba ta taɓa yi mini faɗa a kan maganar ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai in rana ta take, kwano ya ɗau zafi, ta jawo tabarma gindin bango tana fifita, ta ce, "Auta, ashe haka gurasa take ji a tanderu." Burinta guda ne a duniya: a yi mata ɗakin soro da azarar mijinta, in ta kwanta ta ɗaga ido ta gan ta kamar da.

Ana nan sai aka yi wata bazara da ruwa ya ja baya fiye da yadda ya saba. Labaran, taubashina, wanda ya ajiye fartanya ya kama su tun da muka tashi, ya shigo gidanmu yana warin kifi.

"Gwaggo, garinmu ya leƙo," in ji shi. "Bango duk ya narke, amma azararku tana nan jibge. Giginya ba ta san ruɓewa ba."

Inna ta ajiye mafici, ta dube ni.

"Mu tara samari," in ji Labaran, "a ɗauko a kafaɗa, ɗaiɗai da ɗaiɗai. Amma a hanzarta, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Doguwa."

"A kafaɗa?" na ce. "A zamanin tantan? Labaran, kifi ya cinye maka basira. Tarakta zan kawo."

"Ƙanwar waccan motar ce?"

Ban kula shi ba. Washegari na hau keke sai Tudun Wada, wajen Alhaji Hamidu mai auduga, wanda na ji yana da tarakta ja a ajiye, direbansa ya gudu aikin gwamnati. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, na ce masa ni direba ne tun daga Jos har Zariya, babu injin da bai san hannuna ba. Gaskiyar magana, sau biyu na taɓa riƙe sitiyari, duka biyun a cikin tasha, na biyun ma har da katangar mai shayi. Amma Alhaji bai tambaya ba, ni kuwa ba na son cika wa manya surutu. Muka shirya zan yi masa aikin damina, shi kuma ya ba ni aron tarakta da tirela na yini ɗaya.

Da ma na ɗauki abata na tafi, da yanzu ina Garzali. Amma sai na tsaya kewaya ta ina ƙwanƙwasa nan da can, don Alhaji ya san ya samu gwani. Na zo kan tayoyin baya, manya, masu faɗi kamar gindin turmi. Na danna bawul, bakin da ake buga wa taya iska, sai wani jan ruwa mai tsatsa ya feso mini a fuska har cikin hanci.

"Subhanallahi," in ji Alhaji. "Ruwa a taya?"

Daga baya na ji cewa da gangan ake ɗura shi, don taya ta yi nauyi ta kama ƙasa. A lokacin kuwa sai na share fuska na girgiza kai.

"Alhaji, Allah ne ya kawo ni. Tayar nan ta kamu da ciwon kumburi. Shi ya sa direbanka ya gudu, bai iya gaya maka ba."

A jikin bango na hango wasu tayoyi biyu a jingine, dogaye, sirara, sun fi ni tsayi. Alhaji ya ce tare da taraktar suka zo, na shiga tsakanin kunyoyin auduga ne in za a yi feshi. Nan take wani ilimi ya sauko mini wanda har yau ban san daga ina ya fito ba.

"Alhaji, ka taɓa ganin zalɓe ya maƙale a taɓo?"

"A'a," in ji shi.

"Saniya fa?"

"Sau da yawa."

"To, ka gani. Sirrin taɓo tsayi ne da siranta. Faɗi kaya ne kawai. Waɗannan za mu ɗaura."

Alhaji ya dubi yaransa ya ce su kawo jak da sifana, yau ga wanda ya san aiki. Muka kwance masu faɗin muka yar a gefe, muka ɗaura sirara. Na sa aka yi ta buga musu iska har sai da na ɗalle su da yatsa suka amsa kamar kalangu.

Da na hau, sai na ga duniya ta koma ƙasa. Ina hango cikin gidajen mutane ta saman katanga, mata suna ta jan mayafi suna Allah-wadai. A bakin kasuwa salansa, wato bututun hayaƙin taraktar, ta ɗauke rumfar Asibi mai ƙosai, na tafi da ita a kaina kamar laima, Asibi tana bina da matsami tana kiran sunayen kakannina. Tayoyin kuma, saboda tsabar iska, ko tsakuwa suka taka sai na ji ta a ƙashin bayana. Kafin in isa gida haƙorana sun gaji da gaisawa da juna.

Amma shigata Sabuwar Marke ta biya ni. Gari ya fashe. Baba Inusa, dattijon unguwarmu, ya sa hannu a goshi yana kallona sama.

"Garzali, wannan tantan ce ko raƙumi?"

"Baba, ƙafar zalɓe ke nan. Sabon ilimi ne, ko a Kano bai gama yaɗuwa ba."

Buba, maƙwabcinmu na ruga, ya jingina da sandarsa ya daɗe yana duban tayoyin.

"Aradu, Kaɗo, ni dai in na ga saniya da ƙafa irin wannan, sayar da ita nake yi."

"Kai da saniya ka sani. Wannan maganar injiniyoyi ce."

Inna ta leƙo daga zaure, ta dubi tayoyin tun daga ƙasa har sama, ta ce, "Allah ya kiyaye hanya, Auta," ta koma ciki.

Washegari da hantsi muka ɗunguma, ni a gaba, rabin gari a baya. Daga inda busasshiyar ƙasa ta ƙare, taɓo ne shimfiɗe har gindin ruwa, baƙi, sumul. Na saita kan tsohuwar hanyar kasuwa, wadda aka zuba wa marmara tun zamanin kakanninmu. Abin mamaki, sai tayoyin suka yanka taɓon kamar wuƙa, suka tarar da tauri a ƙasa, tarakta ta wuce tana waƙa. Taɓon wurin bai wuce idon sawu ba, amma wa ya tsaya aunawa? Jama'a suka ɗau sowa. Ni kuwa na saki sitiyari da hannu ɗaya ina ɗaga musu.

"Labaran! Ina mai maganar kafaɗa?"

"Je ka dawo tukuna," in ji shi.

Muka isa kufan gidanmu. Ga azara nan, baƙa ƙirin, jibge a kan tudun da soron ya narke. Da na dafa ta sai na gane wadda Baba yake rataye buzunsa a jiki. Samari suka loda ta a tirela tsaf, har da wata gajeriya ta saman ƙofa.

To, nan fa ake yin ta. Da na juya na bi sawuna, da an gama lafiya. Amma mutane sun yi layi a can kan tudu suna kallo, ni kuma na ga bai dace gwani ya koma ta inda ya fito ba. Na ce zan yanke ta bayan gida in ɓulla kan hanya.

"Kai, akwai kududdufi a bayan gidanku," in ji Labaran.

"Kududdufi yana gabas, bayan gidan Adamu."

"Na Adamu daban. Wannan wanda aka haƙi ƙasar soronku fa?"

Matsalar ita ce, ruwa ya kwashi laka ya cike kowane rami, ya shafe gari ya zama faranti ɗaya. Babu bango, babu bishiya, sai abin da kowa ya riƙe a kansa. Kuma kowa ya rantse nasa ne daidai. Baba Inusa ya ɗaga murya daga nesa.

"Bi ta gindin durumi, ka karya dama!"

"Wane durumi, Baba?"

"Durumin da ake ɗaure jakuna mana!"

"Ba durumi ba ne, ceɗiya ce," in ji wani tsoho. "Kuma hagu ne, ta ƙofar gidan wanzamai."

"Wanzamai sun tashi daga nan tun kafin a haife shi!"

Dattawa biyu suka kaure da musu a kan bishiyar da babu ita, a ƙofar gidan da babu shi. Na ce su huta, a garin nan aka yanke mini cibiya, ko da ido rufe zan fita. Na ba ta wuta.

Ban yi nisa ba na ji kujera tana sauka da ni a hankali, kamar mai shirin durƙusa wa sarki. Tayoyin da suka yanka taɓon hanya suka yanka wannan ma, sai dai a nan babu marmarar da za ta tare su. Suka yi ta neman ƙasa, ƙasa tana ja da baya.

"Zalɓe yana kiwo!" in ji Labaran.

"Dabara ce!" na ce. "Sai ta nutsa take samun ƙarfi."

Na taka totur iya ƙarfina. Tayoyin suka juya a wuri ɗaya, suka ɗebo taɓo suka watsa baya. Baba Inusa, da ya matso don ya nuna mini inda durumin yake, ya tashi daga farar riga ya koma baƙa, ido kawai ake gani. Na sa giyar baya, ta ƙara haƙa. Na mai da ta gaba, ta ƙara. Kafin in ankara cikin taraktar ya zauna daram a kan laka, dogayen ƙafafun nan da nake taƙama da su sun shige har wuya.

"Iska ce ta yi kaɗan," na ce. "A kawo famfo."

"Bawul ɗin yana ƙasa wajen kakanninka," in ji Labaran. "Ka sauka ka gaishe su."

Na ce a kawo jak. Aka kafa jak, aka yi ta bugawa, tarakta ba ta motsa ba, jak ɗin ne ya yi ƙasa. Har yau yana can.

Na juya wajen Buba na sassauta murya. "Buba, maƙwabcin kirki, ko za ka kawo bijimai biyu?"

"Maganar injiniyoyi ce," in ji Buba. "Ni saniya na sani. Kuma na san ba ta shiga nan."

Raina ya ɓaci, na ce bari in sauka in nuna musu yadda ake yi. Na diro da ƙafa biyu a haɗe. Ni ma dogo ne siriri, Allah ya yi ni a kan ilimin nawa. Na shige har ƙugu, tsaye kyam kamar turke. In na ja ƙafar dama, ta hagu ta ƙara nutsewa.

Labaran ya kwanta rub-da-ciki a kan wani faffaɗan katakon jirginsa, ya silalo a kan taɓon nan kamar kada, ko gwiwarsa ba ta nutse ba. Ya zo dab da ni ya tsaya ya tallafe haɓa.

"Ranka ya daɗe, injiniya. A ja ka, ko sai ka nutsa kake samun ƙarfi?"

"Ja ni, don Allah."

"Ka ce faɗi kaya ne."

"Labaran, ka ji tsoron Allah, akwai abin da yake taɓa mini ƙafa."

Aka ɗaura mini igiya a hammata, samari suka ja. Na fito da wata ƙara kamar an cire marfin tulu. Wandona dai bai biyo ni ba, ya zaɓi zama da jak. Allah ya taimake ni rigata doguwa ce, na tsuguna na ja ta har ƙasa, mata suna ta guɗa a kan tudu.

Ina tsugune sai ga zalɓe, na gaske, ya sauko ya zauna a kan salansa. Ya dube ni da ido ɗaya. Wallahi da ina da gwafa a hannu da na manta da duk wani zumunci da ke tsakaninmu.

Sai dariya ta fara raguwa, don iska ta juyo da sanyi. Ta wajen Doguwa sama ta yi baƙi ƙirin, kuma rafin da ya ratsa bayan tsohon gari, wanda muka tarar a bushe, ya fara kawo jan ruwa. An yi ruwa a duwatsu. Kowa a wurin ya san abin da hakan yake nufi: in ruwan nan ya shigo kududdufi, sai dai a ba jikoki labarin tarakta.

Daidai nan Alhaji Hamidu ya iso a kan babur, wai ya zo ganin sabon ilimi. Ya tsaya, ya dubi rabin taraktarsa, ya dubi zalɓen da ke kai, ya dube ni.

"Ina sauran?" in ji shi.

"Alhaji, tana ƙasa, lafiyarta ƙalau."

Ya zauna a kan taɓo da babbar rigarsa, ya dafe kai yana salati. Ni kuwa na fara lissafin shekarun da zan yi a gidan yari, da wanda zai riƙa kai wa Inna ruwa.

Ashe Inna tana tafe. An ɗora ta a jakin Baba Inusa, ta sauka a kan tsohuwar hanya, ta tako da sandarta har inda tauri ya ƙare. Ba ta dube ni ba. Ta sunkuya tana duban wani abu a kan laka.

"Auta, zo ka ga."

Na matso ina riƙe da bakin riga. Sawun zalɓe ne, yatsu dogaye a baje, faɗinsa ya kai tafin hannuna.

"Ka kalli ƙaurinsa, ba ka kalli tafinsa ba," in ji ta. "Kuma shi ba ya ɗaukar tirela."

Daga nan ta ɗaga kai ta dubi azarar da ke kan tirela. Ta daɗe tana kallo. Ta dubi ruwan da ke tahowa, ta dubi Alhaji.

"Labaran, ku sauke ta. Ku shimfiɗa a ƙarƙashin ƙafafun."

"Gwaggo," in ji Labaran, kuma wannan karon babu wasa a muryarsa, "in ta hau kai, ba za ta fito ba. Laka za ta haɗiye."

"Na sani."

"Inna, a'a," na ce. "Ɗakinki fa?"

"Kayan mutane ne a rami, Auta. Mahaifinka ya sha fitar da kai daga taɓo yana raye. Bai gaji ba, zai ƙara ɗaya."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, har na manta ba ni da wando. Aka kwance tirela aka ja ta baya da igiya. Aka haƙe gaban tayoyin da hannu da ƙorai, aka jera azara a gicciye, wata kan wata, aka yi mata faffaɗar hanya. Har Alhaji ya tuɓe riga ya kama. Na hau, na sa giya ta ɗaya, na taka a hankali kamar mai tsoron tada jariri. Tayoyin suka ciji giginya. Ina ji azarar Baba tana nishi tana shigewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, taraktar kuma tana ɗagowa, har ta dafe kan marmara. Ba wanda ya yi sowa. Muna isa tudu ruwan sama ya kece, kafin la'asar kufan gidanmu ya koma ƙarƙashin ruwa, kuma bai sake leƙowa ba.

Alhaji ya karɓi mabuɗinsa a wurin. Ya ce aikin damina ya yafe, in taimake shi kada in ƙara bi ta layinsu ko a ƙafa. Asibi kuwa sai da na sake mata rumfa.

Gajeriyar nan ta saman ƙofa ita kaɗai ta tsira, don ta yi kaɗan a shimfiɗa. Inna ta sa magini ya kafa mata ita a ƙofar ɗakinta na kwano. Ina tsaye na ga ya ɗora ta daidai goshina.

"Malam, ɗaga ta sama kaɗan," na ce. "Tsayi ya fi."

Magini ya dubi Inna. Inna ta dube ni.

"Bar ta a nan," in ji ta.

Yanzu kullum da safe in na zo gaishe ta, sai na sunkuya. Ran da na manta kuwa, Baba yana nan a bakin ƙofa, ya ƙwale ni a goshi, Inna ta amsa daga ciki tana fifita: "Shigo, Auta, na ji sallamarka."